Ba Ojukwu ne ya miƙa wuya a Legas ba

Abin ya fara damuna, yadda duk hirar yaƙin basasar Najeriya sai an ce Ojukwu, jagoran Biyafara, ya je gaban Gowon, shugaban ƙasa na lokacin, ya miƙa wuya. Kwanan baya ma wani ɗan ƙanina haka ya rubuta a aikin makaranta. Ban ga laifinsa ba: Ojukwu ne ya ayyana ƙasar Biyafara ranar 30 ga Mayu, 1967, sunansa aka fi ji tsawon wata 30 da aka yi ana gwabzawa, dole a ɗauka shi ya rufe abin da ya buɗe.

Amma ba haka aka yi ba. Da Owerri ta faɗa hannun sojojin tarayya a Janairun 1970, Ojukwu ya hau jirgi a filin Uli ya tafi Kwaddibuwa, ya bar ragama hannun mataimakinsa, Philip Effiong. Shi Effiong ne ya shiga rediyo ranar 12 ga wata ya umarci dakarunsa su ajiye makamai. Ranar 15 kuma ya tsaya gaban Janar Gowon a barikin Dodan da ke Legas ya ce Biyafara ta ƙare. Kanar Obasanjo ne ya raka tawagar. Effiong ɗin ma ba Ibo ba ne, ɗan ƙabilar Ibibiyo ne daga yankin da yau ake kira Akwa Ibom, abin da a ganina ba a cika faɗa ba.

Ojukwu bai sake taka Najeriya ba sai 1982, bayan Shugaba Shagari ya yi masa afuwa.