Ruwan da muke roƙo a Kura shi ya kashe mini tumatir a Agege

A bakin komin tumatir na tashi. Mahaifina manomin rani ne a Kura, cikin gonakin da ruwan dam ɗin Tiga ke ratsawa, kuma tun ban isa ɗaukar kwando ba nake buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Saboda haka ranar da kuɗin cefane ya ishe ni a nan Agege, na dubi ɗan filin bayan ɗakinmu na ce wa uwargida ta ba ni wata uku ta daina sayen kayan miya. Barewa ai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yanzu shekara biyu ke nan, duk asabar ina kasuwar Mil 12 ta nan Legas ina taya tumatir.

Wahalar farko ƙasa ce. A gida ƙasa ba abin nema ba ce, a nan kuwa tsakar gida siminti ne tun daga ƙofa har katanga. Ɗan wurin da ya tsira na sa fartanya, sai ɓaraguzan bulo da leda da yashi. Mai gidan haya ya leƙo ya ce kada in kuskura in tona kusa da ginshiƙin gini. Na koma noman buhu: tsofaffin buhunan shinkafa goma sha biyu, na sayi baƙar ƙasa wurin masu sayar da furanni a bakin titi. Da na gaya wa Baba a waya cewa da kuɗi na sayi ƙasa, shiru ya yi, can ya ce, "Kai, Ikko ke nan. Allah Ya kyauta."

Amma babban kuskurena lissafin ruwa ne. A Kano damina ɗaya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, sauran shekara manomi bin ruwa yake yi. A Legas ruwa kan kankama tun Afrilu, ya yi ta zuba har Yuli, ya ɗan sarara a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Ni da hannuna ya saba da ban ruwa, sai na riƙa shayar da buhunan safe da yamma, sama kuma tana nata. Ban ma huda gindin buhunan da kyau ba. Wata safiya a watan Yuni, bayan kwana uku ana marka, na fito na tarar da tumatir ɗina guda takwas sun yi laushi, ganye kore shar amma ya langaɓe kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Na tumɓuke ɗaya, saiwar ta yi baƙi tana wari. Waɗanda suka tsira suka yi tsawo har ƙugu, suka yi fure, furen ya kakkaɓe. Tumatir yana son sanyin dare kafin ya ɗaura 'ya'ya, shi ya sa a gida ake dasa shi ya riski hunturu. Hunturun Legas kuwa baƙo ne, ya leƙo a ƙarshen Disamba, kafin ka nemo rigar sanyi ya wuce.

Albasa ma haka ta yi mini, ganye har gwiwa, ƙasa ba kai. Ashe ba a banza Aliero da Sakkwato suka riƙe ta ba.

Sai maƙiyan da ban sani ba. A gida mun san akuya, mun san fara, mun san sharon, tsutsar nan da ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016. Ba wanda ya taɓa ce mini in yi tsaron dodon koɗi. Da dare suke fitowa, wasu sun kai dunƙulen hannun yaro, su aske tsiron latas ƙaf su bar maka yauƙi yana ƙyalli a jikin buhu. Akwai daren da na fita da tocilan na tsince goma sha ɗaya. Ɗan maƙwabta ya karɓe su da murna, wai nama ne. Ni dai na wanke hannuna sau uku.

Wadda ta buɗe mini ido wata dattijuwa ce Bayarabiya da muke katanga ɗaya. Ta daɗe tana kallon wahalata, rannan ta ce da 'yar Hausarta, "Malam, tumatir na garinku ne. Nan ganye." Na leƙa nata wurin: fasassun bokitai da tsohuwar taya, cike da ewedu, wanda ba komai ba ne illa lalonmu, da tete, wato alayyafo, ga ugu, wani ganyen miya mai yaɗo, ya hau waya. Na ce, "Mama, ba ni iri." Ta ƙulla mini a leda, ta kuma gargaɗe ni kada in zuba ɗanyen kashin kaji, sai ya daɗe ya huce. Wannan kam na sani tun a gida, gaggawa ce ta mantar da ni, har ta ƙone mini kuɓewa buhu biyu.

Ra'ayina, wanda na san wasu 'yan uwa a nan ba za su so ba, shi ne yawancinmu da muka fara lambu a Kudu girman kai ne ke kayar da mu, ba rashin fili ba. Muna ganin mu ke ciyar da garin, kuma gaskiya ne, an gani a ƙarshen Fabrairun 2021 da fataken abinci suka tsayar da lodi zuwa Kudu, farashi ya tashi cikin kwanaki. To amma hasken rana da busasshiyar iska da sanyin hunturu ba a loda su a tirela. Iri kawai muka zo da shi.

Yanzu buhunana alayyafo ne, da lalo, da yakuwa, da kuɓewa, ga zogale biyu a lungu da suka fi ni tsawo. Alayyafo cikin wata guda ake yanka, ya sake tofowa. Buhu ɗaya na ware wa tumatir, zan sake gwadawa a Nuwamba in ruwa ya ɗauke. Uwargida ta ce in ya yi ko guda biyar ne, ita za ta kira Baba ta yi masa albishir da bakinta.