Gudun gara an faɗa gidan zago: maganar wake da fiya-fiya

To, an sake turo ta. Muryar nan da ke yawo a WhatsApp tun da aka fara girbin wake, wadda wata baiwar Allah ke koya wa matan gida su yayyafa fiya-fiya a buhun wake saboda ƙwari "don hankali ya kwanta". Sannu Hajiya likitar wake, Allah Ya ƙara basira. Hankali kam zai kwanta, har da mai hankalin ma.

Jama'a, abin da ke cikin kwalbar nan sunansa dichlorvos, maganin feshi ne, ba a yi shi don abin da za a kai baki ba. Saboda shi Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Su sun ce ba sa so, mu kuma muna zuba wa 'ya'yanmu a faranti. Ita kuwa ƙwayar maganin ƙwarin da ake kira bom, da ta ji danshi sai ta saki iska mai guba, kuma iskar ba ta san bambancin ƙwaro da jaririn da ke barci kusa da buhun ba. Aikin ƙwararru ce a babban sito, ba ta ɗakin kwana ba.

Na san abin da ke kai mutum ga haka: zullumi. An tara kuɗi da ƙyar an sayi buhu guda, sai a kwana ana juyi, kar a buɗe bayan wata uku a tarar da gari da ɓawo. Damuwar gaskiya ce, ba na raina ta. Amma tun kaka da kakanni an san cewa mai firgici ba ya zaɓen hanya, shi ya sa suka ce garin neman gira a rasa ido. Tsoffin nan da muke gani ba su yi boko ba, ba su kwana da fargabar rumbu, domin sun gama aikinsu tun ranar da suka liƙe bakinsa da laka.

Ƙwaron wake numfashi yake yi. Hana shi iska, ya mutu. Maganar ke nan gaba ɗayanta. Kuma ba daga waje kaɗai yake shigowa ba, yawanci tun daga gona yake zuwa: uwar ta saka ƙwai a jikin kwanso ko ƙwayar, tsutsar ta huda ta shige ciki, cikin mako uku zuwa huɗu na lokacin zafi ta fito da fiffike ta sake saka nata. Shi ya sa barkono da ganyen darbejiya ba sa isa su kaɗai. Suna iya korar na waje, na cikin ƙwayar kuwa ko a jikinsa.

Fara da shanya. Wake ya bushe ƙayau, in kin ciza ya ce ƙas, ba ya lotse ba. In kina shakka, zuba ɗan kaɗan a busasshiyar kwalba da cokali guda na busasshen gishiri, ki rufe ki girgiza ki bar shi ya ɗan jima. Gishirin ya manne a jikin kwalba? Da sauran danshi, a mayar rana. Wanda ya rufe wake da danshi, fumfuna zai buɗe ya tarar, sai kuma ya zo yana cewa dabarar ƙarya ce.

Daga nan a samu jarka mai lita 25, wadda ta ɗauki man gyaɗa ko ruwa, ba fetur ko maganin feshi ba. A wanke, a kife ta bushe sarai. Tana cin kusan kilo 20. A cika ta har wuya, ana zubawa ana bubbuga gindinta a ƙasa don waken ya zauna, domin duk gurbin da aka bari iska ce ga ƙwaro. A shimfiɗa leda a baki kafin a murɗa murfi. Sai a manta da ita kamar wata biyu. Nan ne yawanci ake ɓata aikin: kullum a buɗe a leƙa "ko lafiya". Kowace leƙawa sabuwar iska ce kika ba shi kyauta. Wanda za a ci a watan, a ware shi daban a ƙananan robobi.

Mai buhu guda ko fiye ya nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. Kafin a zuba, a hura kowace leda a matse a ji ko tana sace iska. A fitar da tsinke da tsakuwa don su ke huda ta. A matse iskar sama, a murɗe bakin, a lanƙwasa, a ɗaure kowanne da igiyarsa, ɗauri uku ke nan. A ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera.

Wani zai ce ai ana wanke fiya-fiyar kafin a dafa. Wanki ba ya ba ka tabbacin fitar abin da ya riga ya ratsa ƙwayar, bar wannan zancen. Wani zai ce buhun da tsada. Toka fa, ita ma sayenta ake? A tankaɗe tokar itace da ta huce, kwano guda na toka ga kwano guda na wake, a cakuɗa a tukunya, a rufe saman da toka kaurin yatsu biyu. Ta toshe duk wata kafa, ƙwaron da ya fito ba shi da wurin motsi balle ya yi aure. Ranar dahuwa a tankaɗe a wanke, shi ke nan. Masu cewa a sa a firiza kwana bakwai kuwa, gaskiya ne yana kashewa, sai dai ku fara nuna mana unguwar da wuta ke kwana bakwai ba ta ƙifta ba, mu ma mu koma can.

Tunda ana maganar wake, masu dafa shi da dunƙulen kanwa kamar za a jeme fata, don Allah a sassauta. A jiƙa shi tun dare, a zubar da ruwan jiƙon, a ɗora da sabo. Yana nuna da wuri, gawayi ya ragu, cikin maigida ma ya rage ƙugi a sahun Asuba.