Kangon da ba kowa a ciki

Ƙungiyar unguwarmu a Lakwaja ta daɗe tana jin haushin abu guda. Baƙo zai zo, a hau da shi Dutsen Patti ya ga gidan hutawar Gwamna Lugga, ya hango inda Kwara da Binuwai suka haɗu, in Bakano ne ya ziyarci kabarin Sarki Alu da ya rasu a nan a 1926, daga nan sai ya kama hanyar Abuja, ko ruwan leda bai saya a wurinmu ba. Shi ya sa aka yanke shawarar gyara wani tsohon sito na zamanin kamfanonin Turawa da ke bakin kogi, ya zama wurin da baƙi za su zauna su ga kayan tarihi. Sakatarenmu har da tashi tsaye, wai a garin nan aka sauke tutar Kamfanin Royal Niger ranar 1 ga Janairun 1900, bai kamata mu tsaya kallo ba. Aka ce sito kango ne, ba kowa. Aka damƙa mini makulli, in je in duba kafin ranar aikin gayya.

Na sa farar shadda, tunda aikin dubawa ne. Na yi ta kokawa da kwaɗo mai tsatsa har gumi ya jiƙa mini hula. Ina tura ƙofa sai na ga akuya tana kallona daga ciki. Ashe bangon baya ya daɗe da zubewa, duk unguwar ta can suke shiga, ni kaɗai na bi ta ƙofa.

Ƙarar ƙofar ce ta tashi masu saman bene. Jemagu ne, jere a jikin azara, suka taso gaba ɗaya. Wanda bai taɓa shaƙar kashin jemage na shekara da shekaru ba, ya gode wa Allah. Ƙasan ma laushi gare shi kamar katifa, takalmina ya nutse, farar shadda kuwa ta samu ado daga sama. Na ja da baya, na taka wani abu da na zaci icce ne. Iccen ya ja jiki ya nufi ruwa. Guza ne, da kyar na tuna addu'ar da ake yi.

Ihuna ne ya fito da mai gidan ta gaskiya, wata dattijuwa Banufiya da ke banda kifi a lungun gabas. Na gaishe ta, ta ji harshena, ta tambayi asalina. Da na ce Katsina, sai ta ajiye mafici ta gyara zama.

"To, bawana, wa ya aiko ka gidan iyayen gidanka?"

"Inna, ƙungiya ce za ta gyara wurin, saboda tarihi."

"Tarihi? Zo ka gani."

Ta ja ni gaban bango, ta nuna mini layi biyu na laka, ɗaya saman ɗaya. Wannan ambaliyar 2012, wancan ta 2022, lokacin da kwalekwale ya maye gurbin mota a titi. Ta ce duk wanda ya shafa wa layukan nan fenti, shi da ita. Gaskiya ta fi sakatarenmu iya bayani, kuma ba ta duba takarda. Sai da na sayi kifi kafin ta sallame ni, ba ragi, wai Bakatsine ba ya taya kayan uwar ɗakinsa.

Ranar gayya an kwashe kashin jemage baro-baro, masu lambu suka yi rububinsa. An toshe bango, an sauya kwano, layukan Inna suna nan. Ita ma tana nan, yanzu da teburi a bakin ƙofa. Baƙin farko da muka samu ɗalibai ne. Na tsaya da allon bayani ina ta Lugga da 1900, sai ɗaya ya ɗaga hannu.

"Malam, kai ne wanda guza ya kora?"

Inna ta riga ni tarbarsu.