Ba kowa ne zai fito a jarumi ba

Ƙannena masu sha'awar harkar fim, ku matso mu yi magana. Duk yaron da ya tare ni da zancen Kannywood burinsa ɗaya ne: ya fito a jarumi, a saka shi a waƙa, hotonsa ya hau fasta. Har yau ban ji wanda ya ce yana so ya fito a maigadi, ko mai unguwa, ko kawun nan mai hana aure ba. Alhali ka cire waɗannan daga fim, sai a bar ka da saurayi da budurwa suna kallon juna.

Ku tuna da marigayi Usman Baba Pategi. Mutumin Pategi ne a jihar Kwara, tsohon soja. Hausar bariki da ya ji da kunnensa, da tsawar soja, su ya tattara ya gina Samanja, sojan da yake fitowa a matsayinsa a wasan kwaikwayo. Har Allah Ya karɓi ransa a Kaduna a 2023, da yawa ba su san sunansa na yanka ba, Samanja kawai suka sani. Haka marigayiya Saratu Giɗaɗo, wato Daso, wadda ta rasu a watan Afrilun 2024. Muguwar kishiya, uwar miji mai faɗa, da ta buɗe baki an gama. Hararar nan tata kaɗai ta ishi darakta.

Wannan ba kyan fuska ke kawo shi ba, lura ce. Samanja ya zauna a bariki kafin ya kwaikwayi soja. Kai kuma kana son ka fito a dillali, amma ba ka taɓa zama a kara ka ji yadda ake cinikin shanu ba. Je ka tasha, ka saurari ɗan kamasho. Zauna a ƙofar gidan mai unguwa, ka ga yadda yake gyaran murya kafin ya yanke magana, da inda yake ajiye hannunsa. Kuma yanzu da shirye-shirye masu dogon zango irin Daɗin Kowa na Arewa24 suka samu karɓuwa, mai ƙaramar fitowa na iya shafe shekaru yana shiga ɗakunan mutane duk mako. Sai dai in ka iya abu ɗaya sosai, shi za a yi ta kiranka ka maimaita, har wata tsohuwa ta tsine maka a kasuwa don ta ɗauka halinka ne.

Sai maganar kuɗi, wadda ba a son yi. A 2022 Hajiya Ladin Cima, da ta daɗe tana fitowa a uwa, ta shaida wa BBC Hausa cewa 'yan dubbai kaɗan ake sallamarta da su. Wasu furodusoshi sun fito sun ce su kam sun biya ta fiye da haka. Ko ma wane ne da gaskiya, rigimar ta nuna ana aiki ba takarda, sai "za a sallame ki". Don Allah kafin ka sa rigar maigadin nan ka ji nawa ne, kuma yaushe za a ba ka. Ba rashin kunya ba ne. Mai shagon ɗinki kuma kada ya rufe shi, domin lokeshan, wato fita ɗaukar fim, kwana uku ne, wani lokaci sai a yi wata biyu waya ba ta yi ƙara ba.