Teku yana ɗumama, guguwa tana ƙara ƙarfi

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan'uwa.

Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa idan Manzon Allah (SAW) ya ga hadari ko iska ta taso, akan ga damuwa a fuskarsa, ya riƙa shiga yana fita har sai ruwa ya sauka, domin yana tuna Adawa da suka hango girgije ya doso kwaruruwansu suka yi murnar samun ruwa, alhali iskar halakarsu ce. Wanda ya fi kowa tawakkali ke nan bai raina iska ba.

Mahaukaciyar guguwar teku ba ta tashi sai ruwan saman tekun ya kai kusan digiri 26 a ma'aunin Salshiyas, saboda tururin da ke tashi daga ruwa mai ɗumi shi ne abincinta. Kafin zamanin masana'antu, iskar kabon da ke sararin sama tana kusan kashi 280 cikin miliyan. Lokacin da aka fara auna ta a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958 tana kusan 315, yau kuwa ta haura 420, galibi saboda ƙona kwal da man fetur da gas da sare dazuzzuka. Wannan iska tana tare zafi kamar bargo, teku kuma shi yake shanye kusan kashi 90 cikin ɗari na zafin da ya ƙaru. Duk digiri ɗaya da aka ƙara, iska tana iya ɗaukar ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin ɗari. Shi ya sa masana suke cewa ko da yawan guguwar bai ƙaru ba, waɗanda za su riƙa zuwa za su fi ƙarfi, su fi zubar da ruwa, su kuma turo tekun da ya riga ya tashi zuwa cikin gidajen mutane.

A watan Maris na 2019 guguwar Idai ta afka wa birnin Beira na Mozambik, mutane fiye da 1,000 suka rasu a Mozambik da Zimbabuwe da Malawi. A 2023 guguwar Freddy ta yi fiye da wata guda tana yawo a tekun Indiya kafin ta sauke ruwanta a kan Malawi.

A nan nake jan kunnen masu saurin yanke hukunci. Da zarar an ga hoton gari a cikin ruwa, sai wani ya rubuta cewa azaba ce ta sauka a kan mutanensa, kamar an ba shi mabuɗin gaibu. Masuncin Beira bai mallaki masana'anta ba, wataƙila ko babur bai taɓa saya ba. Aya ta 41 a Suratur Rum ta ce ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata, kuma hannayen sun haɗa da nawa da naka, gwargwadon almubazzarancinmu da man da muka ƙona ba gaira ba dalili da itacen da muka sare ba mu dasa wani ba. Kowa ya duba nasa hannun, ya kuma miƙa shi ga waɗanda ruwa ya raba da muhallinsu.

Idan iska ta taso kada mu zage ta, domin an hana mu. Mu ce: Ya Allah, muna roƙon Ka alherinta da alherin abin da ke cikinta da alherin abin da aka aiko ta da shi, muna kuma neman tsarinKa daga sharrinta.