Masu dizain na Zariya, wa kuke yi wa aiki ne?

Jama'a salamu alaikum. Yau dai bari in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da harkar dizain a garin nan, wanda abin ya taɓa ya yi haƙuri.

Duk sanda ɗaliban dizain suka zo ƙarshen karatu za ka ga furojek ɗinsu ya cika Instagram da sitatus, kuma wallahi yaran nan sun iya, hannunsu yana da kyau. Amma tsaya ka duba me suka zana. Tambarin wani kamfanin kofi da babu shi a duniya, kwalin turare mai sunan Faransanci, an ɗora a kan hoton teburin katako da ɗan ganye a gefe wanda aka sauko da shi daga intanet, komai da Turanci. Ba a buga shi a takarda ba, babu kwastoman da ya taɓa cewa a canza masa. Sai ka fito ka bi ta PZ ko Sabon Gari ko bakin titin Samaru ka ga aikin da garin yake ci da gaske, fostar walimar sauka, kalandar biki, katin ɗaurin aure, sitikar robar zoɓo da kunun aya, manyan banonin roba da ake kira fileks na 'yan siyasa. Duk wannan yana hannun yaran shago masu CorelDRAW da waɗanda suke haɗawa a waya da PixelLab ko Canva, su kuma ɗaliban kallon raini suke musu.

To ni dai ba na raina yaron shago, don akwai abin da ya sani wanda ɗalibi da yawa bai sani ba sai ya sha wuya. Ya san shuɗin nan mai ƙyalli da kake gani a fuskar laftof ba haka zai fito daga inji ba, domin fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, inji kuwa da tawada huɗu yake aiki, CMYK, in ba ka juya fayil ɗinka zuwa launukan inji tun farko ba sai ka karɓo aiki ya dishe ka kama faɗa da mai firintin alhali ba laifinsa ba ne. Ya san a bar ɗan fili a gefe saboda wuƙar yanka. Ya san ya mayar da rubutu zane kafin ya kai wata kwamfutar don kada haruffan su canza. Uwa uba ya san mutane. Alhaji zai turo hotonsa ta WhatsApp, wanda ya riga ya matse hoton ya rage masa inganci, ya ce a yi masa fileks da zai rufe gaban gida, kuma gobe da safe yake so. Sai an lallaɓa, ranka ya daɗe a turo shi a matsayin dokumen, ko a nemo na asalin wajen mai hoto. A gama kuma ya ce a ƙara girman fuskarsa, a sa sunan Hajiya, a sa sunayen abokan ango su goma sha, sannan a zo kan kuɗi ya ce haba ɗan nan, abin da ka danna-danna a kwamfuta? Ga wuta babu, man janareta kai za ka saya. Wannan darasin ba a aji ake samunsa ba.

Amma fa yaran shagon su ma suna da nasu. Fosta ɗaya salon haruffa biyar, kowanne da inuwa da ruwan zinare, furanni a kowace kusurwa, ka tsaya kana neman ranar taron da wurin da za a yi ka rasa, can ƙasa aka cusa su ƙanana. Shi ɗalibi an koya masa abin da ido ya kamata ya fara gani da wanda zai biyo baya, an koya masa cewa barin fili fari ba asara ba ce. Ilimin da fostocinmu suke nema kenan, shi kuma yana can yana yi wa kamfanin kofi na mafarki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Yawancin salon haruffan ado da ake saukowa kyauta ba su da su, to sai ɗayan biyu, ko mai dizain ya watsar da lanƙwasar gaba ɗaya, ko kwamfuta ta ɗauko harafin daga wani salon daban, ka ga kalma duk kauri sai harafi ɗaya siriri a tsakiya ya karkace, wani lokacin ma akwatin banza ne zai fito a wurin. A Zariya fa! Garin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, garin da aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945. Littattafan Hausa da aka buga a nan tun ba a san kwamfuta ba da lanƙwasarsu suka fito tsaf. Kuma ba wai babu mafita ba, salon haruffan Noto na Google da Andika duk suna ɗauke da su, kyauta ne. Ni da zan ga ɗalibi ɗaya ya ɗauki zana cikakken salon haruffan Hausa na ado a matsayin furojek, wanda yaran shago za su sa a kwamfutocinsu, da na ce ya fi tambarin kofi ɗari amfani.

Kuma wannan maganar ba sabuwa ba ce a garin nan. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin da ta zama ABU a 1962 suka kafa ƙungiyar Zaria Art Society, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, kuma abin da suka tsaya a kai shi ne a karɓi dabarar Turawa amma a haɗa ta da zanen gida. Uche Okeke ya koma ga zanen uli na ƙasar Ibo ya gina aikinsa a kai. Mu da muke zaune a kan namu fa? Ga tsohon masallacin Juma'a na cikin birni da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, ga zanen ƙofar fadar Zazzau, ga aska takwas da masu ɗinkin hannu suke yi a zaurukan cikin gari. Ba ina nufin a ɗauko dagin Arewa a manna a kusurwa a ce an yi na gida ba, wannan kowa ya gaji da shi. Je ka zauna wajen mai ɗinkin riga ka ga yadda yake cika gefen aljihu da aiki ya bar sauran rigar ta huta, tsari ne wannan, kuma zai zauna a kan kwali ko bangon littafi.

Don haka ƙannena ɗalibai, da malamanmu masu duba furojek in Allah ya sa wannan ya kai gare ku, shawarata a nemi kwastoma na gaske. Ga matan da suke zoɓo da yaji da dambun nama a unguwanni, da yawansu sitikarsu hoton intanet ce da lambar waya. Ɗalibi ya je ya zauna da Hajiya, ya ji me take so, ya yi mata da Hausa, ya kai shago a buga, a liƙa a roba a jefa cikin kula mai ƙanƙara a ga ko takardar za ta jiƙe ta saɓule, a ga ko mai saye zai iya karanta lambar daga nesa. In ta saɓule ya koma ya tambayi yaron shago wace takarda ce take jure ruwa, zai faɗa masa. Kuɗin bugun kuma a yi maganarsa da Hajiya tun kafin a buɗe laftof, ta ba da rabi.