Ƙungiyar mutum 8,222 da tambayar da wani dattijo ya yi min a Rochester

Jama'a ku yi haƙuri yau maganar besbol zan yi, na san ba wanda ya damu da ita a gida. Wani dattijon bature da muke aiki tare a nan Rochester ta jihar New York ne ya matsa min wai sai mun je kallon Red Wings, ƙungiyar garin, ya ce ba a zama a garinsu ba a taɓa shiga filin ba. To na bi shi.

Wasan kansa dai sai a hankali. Mutum ɗaya na jefa ƙwallo, ɗaya na riƙe da sanda yana jiran ya maka, sauran duk a tsaye kamar masu jiran mota a tasha, zagaye tara ake yi kuma ba agogo, sai an gama. Amma filin wallahi tsaf, ciyawa kore shar, iyali ne ke zuwa har da jarirai da tsofaffi a keken guragu, wasu na riƙe da fensir da takarda suna rubuta duk jifan da aka yi, a tsakiyar zagaye na bakwai kowa ya miƙe tsaye a yi waƙa tare a zauna. Akwai wani farin tsiran naman da suke ji da shi a garin, da na ji akwai alade a ciki sai na tsaya a gyaɗa.

Cikin lambobin da suka rataye don girmamawa na ga 26, na ga 36, sai kuma 8,222. Na ce masa wane ɗan wasa ne ya sa wannan a bayan riga? Ya yi dariya ya ce ai mutanen gari ne. A 1956 babbar ƙungiyar St. Louis Cardinals da ta mallaki Red Wings ta ce ta gaji za ta saki, sai wani ɗan kasuwa Morrie Silver ya tashi yana sayar wa mutane hannun jari, cikin kwana 72 mutum 8,222 suka saya, tun 1957 ƙungiyar ta zama ta jama'ar gari har yau. Ita kuwa tun 1899 take buga wasa.

Daga nan bakinsa bai rufu ba sai shekarar 1971. Ya ce yana ɗan saurayi lokacin, sun ci wasa 86 aka ci su 54, suka ɗauki kofin lig ɗinsu, suka zo suka doke Denver a wasa na bakwai na Junior World Series, wato karon ƙarshe tsakanin zakarun ƙananan lig biyu. Bobby Grich ya buga hom ron 32, wato ya maka ƙwallo ta tsallake katanga, shi ne gwarzon lig na shekarar. Ga Don Baylor wanda daga baya a 1979 ya zama gwarzon American League gaba ɗaya, ɗaya daga cikin manyan lig biyu na Amurka. Kocinsu Joe Altobelli, mai lamba 26 ɗin nan, ya je ya ci World Series, kofi mafi girma a besbol ɗin Amurka, da ƙungiyar Baltimore a 1983, amma a Rochester ya yi zamansa har ya rasu a 2021. Abin mamaki fa, Red Wings ƙaramar lig take bugawa, 'yan wasan ba nata ba ne, na babbar ƙungiya ne, ranar da aka buƙaci mutum waya kawai za a bugo ya haɗa jakarsa. Su Grich ma sun daɗe a garin ne don Baltimore, babbar ƙungiyarsu ta lokacin, ta cika da gwanaye ba gurbi. Yaran aro ke nan, amma bayan shekara hamsin da ɗoriya mutumin nan na lissafo su ɗaya bayan ɗaya har da inda kowa ke tsayawa a fili.

Sai ya juyo ya ce kai fa, ƙungiyar garinku ta waye? Na ce ta gwamnati ce. Ya ce gwamnati kuma, me ya haɗa gwamna da ƙwallo? Ba da raini ya faɗa ba, amma abin ya tsaya min a rai.

Na kare mu iya ƙarfina. Na ce masa Kano Pillars ta ɗauki lig sau huɗu, 2008 sannan 2012 da 2013 da 2014 a jere, a 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Afirka, a nan Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya kafin ya fita waje. Kuma maganar Allah in dai kallo ne ba su kama ƙafarmu ba, su sai allo ya rubuta musu su yi ihu sannan su yi, mu kuwa wa zai ce wa mutanen Ƙofar Mata su ɗaga murya in Rabi'u Ali ya ɗauki ƙwallo? Sannan suna da kuɗi, wanda bai ci ya ƙoshi ba ba zai sayi hannun jarin ƙwallo ba, wannan na yarda.

Amma duk da haka sun fi mu, kuma ba a kuɗin ba. Mu muna son ƙungiya ne ranar wasa, in an tashi a bar wa gwamnati, in gwamna mai son ƙwallo ne a ji daɗi, in ba shi ba a koma rediyo ana ƙorafi. Duk yawan 'yan kasuwar Kwari da Singa da Sabon Gari a ce ba za a samu mutum dubu takwas ba? Za a samu mana, yarda ce babu, kowa tambayarsa wa zai riƙe kuɗin. Ko tarihin ma ba mu ajiye ba. Raccah Rovers ta Kano ta ɗauki lig ɗin Najeriya a 1978, bayan nasarar su Grich da shekara bakwai kacal, yau ka tare matashi a Fagge ka ce ya faɗa maka mutum uku a cikinsu, sai dai ya lissafo maka 'yan Arsenal har da na benci.

Kuma ba na zagin yaran gida, nawa ma ga shi nan. Hular Red Wings yake sawa zuwa makaranta, ya san sunan Altobelli don akwai mutum-mutuminsa a filin, ran nan na ce masa sai masu gida ya tambaye ni da turanci wane gida. Me zan nuna masa? Na duba intanet na gaji, ɗan abin da na samu hotuna ne dishi-dishi ba suna a ƙasa. Don Allah duk wanda mahaifinsa ko kawunsa ya buga wa Raccah ko WRECA, ita ma tsohuwar ƙungiyar Kano ce, ko yake da hoton 'yan wasan a tsohon album, ya ɗauka da waya ya turo min tare da sunayensu, ina so in wanke in manna masa a ɗaki kafin hutun bazara.